Ba Gawa Yake Cewa Ba

Abin da na fara gani da na shigo gida ran da Kaka ta rasu shi ne tasar Baƙo. An ɗauke ta daga gindin darbejiya, an zubar da ruwan, wata maƙwabciyarmu ta tsuguna tana wanke kofunan shayi a ciki. Ban tarar da Kaka ba, an riga an fita da ita kafin a je makaranta a ɗauko ni. Na tsaya a bakin ƙofa da jakar littattafai a kafaɗa, mata na wucewa ta gefena suna kuka, ni kuwa idona yana kan tasar nan mai tsaguwa a baki, wadda Kaka ba ta yarda ko hannu a wanke a cikinta.

Baƙo gauraka ne. Tsawonsa ya kai ƙirjina, wuyansa baƙi, kumatunsa fari da ja, a kansa akwai tukku mai ruwan zinariya kamar an tsaga bakin tsintsiya an dasa masa. Duk unguwarmu ta Alsawra, a Umdurman, babu gidan da ke da irinsa sai namu. A ranar ban gan shi a tsakar gida ba. Sai da na zagaya bayan tulunan ruwa na same shi, an ɗaure masa ƙafa da igiyar shanya a jikin bango, inda ba inuwa.

Duk wadda ta shigo sai ta ɗora kai a kafaɗar Goggo, yayar Baba, su yi kuka tare, ta ce albaraka fikum, gaisuwar ta'aziyya da Larabci, sannan ta nemi wuri a tabarma. Maza suna waje a rumfar da aka kafa a titi, ana ta ɗaga hannu ana fatiha. Wata tsohuwa da suka yi tsinkar auduga tare da Kaka a gonakin Jazira, kudu da Khartoum, ta zo da sandarta, ba ta yi kuka ba. Ta zauna ta daɗe tana kallon gadon igiyar da babu kowa a kai, ta ce, "Ta riga ni. Ko a layin auduga haka take yi mini."

Can sai Baƙo ya yi kuka daga bayan tuluna, kukan nan nasa mai gaɓa biyu da ake ji har ƙarshen layi. Goggo ta ɗago kai, idonta jajur.

"Kun ji shi ko? Tun yaushe nake ce mata. Kullum gari ya waye, gawa, gawa. To ga gawar ya samu."

Wata maƙwabciya da ba ta jin Hausa ta tambayi abin da aka ce, Goggo ta fassara mata da Larabci, matar ta ja mayafinta ta nemi tsari. Kafin la'asar maganar ta zagaye tabarma ta fita har rumfar maza, cewa Hajiya ta ajiye tsuntsun da ya kira mata ajali.

Wannan ne ya sa nake rubutu. A baki ba zan iya ba, duk gidanmu sun sani. Na zauna a lungu ina jin masu ta'aziyya suna yabon Kaka, mai salla ce, mai zumunci ce, mai haƙuri ce. Biyu na farko gaskiya ne. Amma Kaka ba ta da haƙuri, Allah ya gafarta mata, kuma in aka ci gaba da cewa tana da shi, nan gaba kaɗan wata tsohuwar daban za a riƙa tunawa, ba ita ba.

Ba ta amsa Habboba. Duk jikan da ya kira ta haka, kamar yadda yaran unguwa ke kiran kakanninsu, sai ta dubi bango ta ce wa ake nema, babu mai wannan suna a nan. Sai ka ce Kaka sannan ta juyo. Larabcinta ya fi na kowa kaifi in ana cinikin albasa, amma a cikin gida ta ce harshe kamar tukunya ne, wadda aka daina ɗorawa a wuta ita ke tsagewa. Kofin jabanarta, wato na shan gahawa, ba shi da hannu, ba ta yarda a sauya shi. Tana soya kofi da kanta, ta daka da citta, in hayaƙin ya tashi ta kaɗa shi wajen hancin duk wanda ke kusa, ko yana so ko ba ya so. Ni Bebiya take ce mini, saboda shiruna. Amma ita kaɗai ce ba ta taɓa cewa in yi magana a gaban baƙi ba. In aka matsa mini sai ta ce, "Ku ƙyale ta, tana tarawa ne."

Labarin gauraki a wajenta na ji, ba a makaranta ba. Uwarta a ƙafa ta taho daga ƙasar Hausa da niyyar hajji, tafiyar ta tsaya a Jazira, a kambo, wato 'yan bukkokin masu ƙwadago da ke bakin gonaki. Kaka ta ce uwarta ta daɗe ba ta sake ba, abinci baƙo, magana baƙuwa, ko awaki kamanninsu daban. Wata safiya tana ɗauke da tulu a bakin hanyar ruwa sai ta ji kukan gauraka. Ta sauke tulun ta zauna a ƙasa, ta ce ashe akwai ɗan garinmu a nan. Daga ranar ta hana 'ya'yanta jifar su. Kaka tana yarinya ita ke tsaron dawa da majajjawa, tana korar ƙananan tsuntsaye, amma in gauraki suka sauka sai ta naɗe majajjawar ta sa a ƙugu.

Ta ce bayan girbi sukan cika gona har ka rasa inda ƙasa take. Biyu-biyu suke tafiya, miji da mata, kuma suna rawa. Daga baya jiragen feshi suka fara bi ta kan auduga, ƙasa-ƙasa, ruwa ya riƙa wari, fara ta mutu, kwaɗi suka mutu. Wata rana ta tarar da gauraki biyu a bakin ruwa, ɗaya ya riga ya sandare, ɗayan yana tsaye a kansa ba ya ko gudu. Sai fari ya zo ya shanye tafkuna. Tafkunan da suka rage aka sa tarakta ta nome su, ciyayin da gauraki ke ƙwai a ciki suka tafi. Takan ƙirga da yatsu, ta ce jirgi ya ci rabonsa, fari ya ci nasa, tarakta ta ci nata, ɗan abin da ya saura kuma manya suka ce a kamo musu su riƙa kallo a lambu. Ran da suka bar Jazira suka dawo birni, ta ce ta yi ta leƙe ta bayan mota har Khartoum, ba ta ga ko ɗaya ba.

Ina tare da ita ran da muka gamu da Baƙo. Mun je Kasuwar Umdurman sayen citta da kanumfari, muka ratsa ta wajen masu tantabaru don gajerce hanya. Kaka ta tsaya cak. A cikin wani keji na zarbar dabino akwai 'yan gauraki, ba su gama girma ba, kejin ya yi musu gajere har wuyansu ya lanƙwashe. Mai tsuntsayen, wani mai furfura a gemu, ɗan Hausawa ne shi ma, ya taso da fara'a yana ya Hajja, ya Hajja. Ta tambaye shi ina iyayensu. Ya ce shi saye yake yi daga masu kawowa daga kudu, bai taɓa kama tsuntsu da hannunsa ba.

"Mai saye shi ne mai kamawa," in ji Kaka. "Ƙafar ce kawai ba tasa ba."

Ya yi dariya, ya ce tunda ta ji tausayinsu ta ɗauki ɗaya, zai yi mata sauƙi. Ta ce ko kyauta-kyauta ne ba za ta saya ba, don in ta saya ta aike shi ke nan ya kawo wani. Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe ta fara.

Duk ran da ta shiga kasuwa sai ta biya ta zauna a bencinsa, kamar an gayyace ta. Mai saye ya tsaya, ta ce masa wannan tsuntsu ba ya zama shi kaɗai, kuka zai yi ta yi har maƙwabta su kai ƙara. Wani ta ce masa yana tsone wa yara ido, wanda ni ban taɓa gani ba. Mai tsuntsaye ya riƙa roƙonta don Allah ta je ta zauna wajen masu kaji. Amma ba ta zuwa hannu sake. Kullum da ƙwaryar fura a ƙarƙashin mayafi, ta miƙa masa ta ce sha, ka samu ƙarfin yin zalunci. Yana sha yana ƙunƙuni. Da ya yi zazzaɓi ita ta kai masa jiƙo.

Duk da haka an sayar da su ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshen ne ya kwanta, ya daina ci, tukkunsa ya karye gefe guda. Mai tsuntsaye ya buɗe kejin ya ce ta ɗauke shi ta huta shi ma ya huta, ba zai kai gobe ba. Kaka ba ta gode ba tukuna. Ta buɗe fiffiken, ta bi ƙashin da yatsa a hankali daga kafaɗa har ƙarshe, idonta a rufe. Sannan ta yi ajiyar zuciya.

"Almakashi ne, ba wuƙa ba."

A mota ta yi mini bayani, kwandon yana kan cinyata. In gashin fiffike kawai aka datse, zai zube wani ya fito, tsuntsu ya tashi. In aka yanke gaɓar ƙarshe da wuƙa, shi da sama sai kallo. Ta ce abin da almakashi ya ci yana dawowa.

Da jiƙaƙƙiyar dawa ta tashe shi, tana buɗe bakin tana sa masa ƙwaya-ƙwaya. Ni kuma na riƙa kamo fara a bayan ajinmu ina kawowa a gwangwanin madara. Yara suka so a sa masa suna, kowa da nasa. Kaka ta hana. Ta ce wanda ka raɗa wa suna ka ɗaure shi, wannan baƙo ne, zai tafi. Sai Baƙon ya zama suna, ta yi ta faɗa a kan haka har ta gaji.

Ran da ya fara kuka da muryar manya Goggo na gidan. Ta saki tsintsiya ta ce innalillahi, gawa yake kira. Kaka tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce kunnen Goggo ya sha Larabci har ya toshe. Suka yi ta yi. Goggo ta ce ita dai abin da ta ji ke nan, kuma gidan da yara suke ba a ajiye irin wannan. Kaka ta ajiye rariya, ta kira ni in zo in zama shaida. Ta ɗaga tafin hannunta daidai goshi, ta ja shi a miƙe, ta ce gawa, muryarta a sama tun daga farko har ƙarshe. Sannan ta sauke hannun daidai gwiwa ta ce ga wa, a ƙasa, ga ɗin gajere, kamar mai tambaya da ya gaji.

"Saurara da kyau. Ga wa? Ga wa? Ga wa zan je, ga wa zan kai kukana. 'Yan'uwansa yake nema. A da in ɗaya ya tambaya, ɗari ke amsawa."

Goggo ta ce duk ɗaya ne. Kaka ta ce in duk ɗaya ne to fari da fari ma ɗaya ne, ta je ta shafa wa bango yunwa. Ranar Goggo ta tafi gidanta ba sallama, ta dawo da yamma da kwanon miya.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, don ta ce in na faɗa za ta ce ƙarya nake. Da hantsi, in gida ya watse, Kaka takan yi rawa da shi. Takan ɗauki kara ta jefa sama. Baƙo ya sunkuyar da kai, ya buɗe fukafukai, ya yi tsalle, ya cafke karan ya jefa shi ma. Ita kuma, da gwiwoyin da ba sa kai ta masallaci sai da sanda, ta buɗe hannuwa da mayafi, ta rusuna, ta ɗan ɗaga diddige. Ran da na gan su ban je makaranta ba saboda ciwon kai, ina kwance ina leƙe ta taga. Ta hango ni, ba ta tsaya ba. Da ta gama tana haki ta ce dole wani ya koya masa, in ya koma bai iya rawa ba wace za ta aure shi.

Da sabon gashi ya fara fitowa, fari tas a gefen baƙin, Baba ya damu. Baba tela ne, mutum ne mai gudun fitina. Ya ce tsuntsun zai tashi ya faɗa wayar lantarki, ko yaran unguwa su jefe shi, gara a ɗan rage masa. Washegari almakashinsa na gida ya ɓace. Ya kawo wani daga shago, shi ma ya ɓace. Ya yi ta bincike har ƙarƙashin katifu, Kaka na zaune tana jan carbi tana ba shi shawarar inda zai duba. A buhun dawar Baƙo suke. Ni na gan su da na je ɗibar masa, ta sa yatsa a leɓe.

Shirinta shi ne in damina ta ɗauke, tafkunan kudu suna cike, a kai shi. Baffa, ƙanen Baba, direban babbar mota ne, yana lodi daga kasuwar Suk al-Shabi zuwa garin Kosti da ke kudu, har gaba. Ya taɓa faɗa muna cin abinci cewa akwai wani tafki bayan Kosti, nesa da hanya kaɗan, inda yake hango gauraki 'yan ƙalilan da safe. Kowa ya manta, ban da Kaka. Ta sa ya maimaita mata wurin har ya ƙosa. Amma duk daminar nan Baffa yana kan hanya, ba su zauna ba. Wata rana ina shafa mata mai a ƙafa ta ce in ta manta in tuna mata. Na gyaɗa kai. Ta ja kunnena ta ce Allah bai ba ni baki don cin kisra da miya kawai ba.

Ba ta manta ba. Ta yi sallar asuba, ta zuba wa Baƙo ruwa a tasa, ta ce kanta na juyawa, ta kwanta. Allah ya sa kwanciyar hutu ce, ya shimfiɗa mata inuwar da ta fi ta darbejiyarta.

Mai tsuntsaye ya zo ta'aziyya. Na gan shi ta ƙofa lokacin da na kai tiren shayi, yana share ido da gefen rawani, kuma na tabbata kukan gaskiya ne. Ya ce wa Baba ba a taɓa zaginsa da daɗi kamar yadda Hajja ta zage shi ba. Bayan an yi fatiha ya ja Baba gefe, kusa da inda nake tattara kofuna. Ya ce ya ji abin da mata ke faɗa, kuma yana so ya sauke musu nauyi. Akwai wani babban gida a Khartoum mai lambu da ciyawa da famfo, suna neman irinsa, zai ci abin da mu ba ma ci. Sai dai ya leƙa ya ga fiffiken ya cika. Masu lambu ba sa son almakashi, don kullum sai an maimaita. Sau ɗaya ake yi a gaɓa, a huta.

Baba ya dubi ƙasa ya ce sai abin da Yaya ta ce. Goggo ta aiko cewa kada a naɗe tabarmar makoki tsuntsun nan yana gidan. Aka tsayar mai tsuntsaye zai dawo da kejinsa da hantsin ranar da za a tashi.

Ban ji haushin Goggo ba. Ita ta yi wa Kaka wanka, ita ta naɗe mayafanta, tun ranar ba ta ci abin kirki ba. Kuma da yamma, da ta zo ɗibar ruwa a tulu tana tsammani ba mai ganinta, na ga ta kwance gefen mayafinta ta watsa dawa wajen bango, ba ta kalli inda ta faɗa ba. Tsoro take ji, kuma uwarta take nema, ta rasa wanda za ta kama.

Ran da za a naɗe tabarma na tashi da wuri. Na wanke tasar, na cika ta, na kai bayan tuluna. Igiyar ta ci masa ƙafa. Ya sha ruwa ya ɗaga kai, ya buɗe fukafukan gaba ɗaya har suka taɓa bango da tulu, na ji iskarsu a fuskata.

Motar Baffa tana ƙarshen layi, don ba ta shiga lungunmu. Ya zo a daren rasuwar, kuma na ji yana cewa yau zai koma, kaya na jiransa. Ban taɓa yi masa magana da ta wuce gaisuwa ba. Mutum ne mai babbar murya, in ya shigo gida yana tsokanar kowa ni ɗaki nake shigewa. Na same shi ya buɗe gaban mota yana zuba mata ruwa da jarka. Na tsaya a bayansa har ya juyo.

"A'a, Bebiyar Innarmu. An aiko ki ne?"

Na girgiza kai. Ya jira kaɗan, ya koma ga jarkarsa. Sai kukan ya taso daga gidanmu, ya bi ta kan katangu ya iso har inda muke. Baffa ya tsayar da zuba ruwan.

Na ce, "Baffa, me ka ji ya ce?"

Ya dube ni kamar mota ce ta yi magana. Kukan ya sake zuwa. Ban san lokacin da na sauke tafin hannuna daidai gwiwa ba. Baffa ya kalli hannun, ya daɗe yana kallo, sannan ya ajiye jarkar a ƙasa ya goge fuska da hannun riga.

"Haka take yi," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Tun muna kambo haka take yi."

"Mai tsuntsaye da hantsi zai zo. Da wuƙa."

A bayanmu an fara kwance igiyoyin rumfa.

"Baffa, don Allah ka tafi da shi yanzu, ka kai shi tafkin da ka gaya wa Kaka, inda za a amsa masa. Ka roƙar mini Baba ya bar ni in bi ka. Ni zan riƙe shi a bayan mota, ya san hannuna."